Yadda Hyman Rickover ya yi shekara 63 a rundunar da ta so sallamar sa

"Assalamu alaikum, Malam. Na ci karo da labarin wani Bayahude mai suna Rickover, wanda aka ce an haife shi a ƙasar Folan, ya shiga Amurka yana yaro, kuma ya yi shekara 63 yana aikin sojan ruwa. Abin ya ɗaure mini kai, domin a nan gida ma'aikaci kan yi ritaya idan ya cika shekara 35 a bakin aiki. An kuma ce manyan rundunar ba sa ƙaunar sa. To, ta yaya wanda ba a so zai daɗe haka? Jarumta ya nuna a fagen fama, ko kuwa kasancewarsa Bayahude ce ta sa aka ɗaure masa gindi?"
Wani mai karatu daga Katsina

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Abin da kake son sani shi ne ko lissafin nan gaskiya ne, kuma idan gaskiya ne, me ya riƙe mutumin a kan kujerarsa alhali waɗanda ke sama da shi suna neman hanyar rabuwa da shi. Lissafin daidai yake, muddin an fara ƙirga daga shigarsa makarantar hafsoshin sojan ruwa a 1918 zuwa ƙarshen watan Janairu na 1982, lokacin da aka yi masa ritaya yana da shekara 82 a duniya. A tsakanin nan ya yi aiki a ƙarƙashin shugabannin Amurka 13, daga Woodrow Wilson zuwa Ronald Reagan. Amma dalilai biyun da ka kawo babu wanda ya zauna. Rickover bai taɓa jagorantar dakaru a fagen daga ba, kuma asalinsa na Bayahude ɗan gudun hijira nauyi ya zame masa a cikin rundunar. Abin da ya riƙe shi shi ne ya kafa wa kansa gindi a wajen rundunar, a inda manyan hafsoshi ba su da iko, sannan ya riƙe wani aiki mai hatsari da kyau har aka riƙa tsoron damƙa shi ga wani.

Aikina koyar da tarihin yaƙe-yaƙe ne da tsarin rundunonin soja, kuma nakan kawo wa ɗalibai labarin wannan mutum idan muka zo darasin ƙarin girma da ritaya. Kusan kullum hasashensu na farko irin naka ne, wato duk wanda ya daɗe a soja to ya sha gwagwarmaya a bakin daga. Shi ya sa nake ganin ya fi kyau mu bi rayuwar tasa daga tushe.

Daga Makow zuwa Annapolis

An haife shi ranar 27 ga Janairu, 1900, a garin Makow da ke arewa da birnin Warso, lokacin yankin yana ƙarƙashin mulkin Sarkin Rasha. Mahaifinsa, Abraham, tela ne, kuma shi ya fara tsallakawa Amurka neman abinci kafin ya aiko iyalinsa su biyo shi. Zamanin ba mai daɗi ba ne ga Yahudawan daular Rasha: an taƙaita musu yankunan da za su zauna, ana kuma kai musu hare-haren kisan gilla, irin na Kishinev a 1903 da na Odesa a 1905. Tsakanin 1881 da 1924 Yahudawa kimanin miliyan biyu daga gabashin Turai suka ƙaura zuwa Amurka, kuma cikin wannan ayari Rickover da mahaifiyarsa suka sauka a Niyok a 1906. Bayan shekara biyu iyalin suka koma Shikago, unguwar Lawndale, inda mahaifin ya ci gaba da ɗinki.

Yaron ya fara aikin kuɗi yana ɗan shekara 9, yana riƙe wa wani maƙwabcinsu fitila yayin da shi yake aiki da inji, ana biyan sa senti 3 a awa. Da ya girma ya zama ɗan aiken kamfanin Western Union, yana kai saƙonnin tangaraho, kuma ta wannan aiki ya san ɗan majalisar wakilai Adolph Sabath, wanda shi ma Bayahude ne da ya yi hijira daga yankin Bohemiya. A Amurka shiga makarantar hafsoshin ruwa ta Annapolis na buƙatar wani ɗan majalisa ya gabatar da sunanka. Sabath ya gabatar da shi, amma a matsayin ɗan jiran gurbi na uku, don haka sai da ya ci jarrabawar shiga kafin ƙofa ta buɗe. Abin da ya ja shi can a fili yake: karatun kyauta ne, kuma ɗan tela ba shi da kuɗin jami'a. Ya kammala a 1922, ya zo na 107 cikin ɗalibai 540.

Injiniya a rundunar matuƙa

Shekarunsa ashirin na farko a bakin aiki ba su da wani armashi. Ya yi aiki a ɗakin inji na jiragen yaƙi, ya yi digiri na biyu a injiniyancin lantarki a Jami'ar Kolumbiya, sannan daga 1929 zuwa 1933 ya yi aiki a jiragen ƙarƙashin teku biyu, S-9 da S-48. A 1937 aka ba shi jagorancin wani ƙaramin jirgi mai share nakiyoyin ruwa, Finch, a gaɓar tekun Sin. Wata uku kawai ya yi, kuma shi ne jirgi ɗaya tilo da ya taɓa jagoranta. A shekarar ya koma rukunin hafsoshin da aka keɓe wa aikin injiniya zalla, wanda ke nufin ya yi bankwana da jagorancin jirgi har abada. A rundunar da girma da martaba ke hannun masu tuƙa jiragen yaƙi, wannan zaɓi tamkar yarda ne cewa ba za ka kai ƙololuwa ba. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu yana Washinton a matsayin shugaban sashen lantarki na ma'aikatar da ke ƙera jiragen rundunar, inda ya yi suna wajen matsa wa 'yan kwangila lamba da kuma ɓata wa abokan aiki rai.

A 1946 aka tura shi Oak Ridge, a jihar Tennessee, tare da wasu hafsoshi kaɗan domin su koyi ilimin makamashin nukiliya. A nan ya ga abin da zai cika sauran rayuwarsa. Jirgin ƙarƙashin teku na wancan zamani da injin dizal yake tafiya, kuma dizal ba ya ci sai da iska, saboda haka idan jirgin ya nutse sai ya koma kan batir, ya yi tafiyar hawainiya, kafin wani lokaci kuma dole ya taso. Kamar mai nutso ne a kogi, komai ƙwarewarsa sai ya ɗago ya shaƙi iska, kuma a lokacin ɗagowar ne abokan gaba ke samun sa. Tukunyar nukiliya ba ta buƙatar iska. Ni ba injiniyan nukiliya ba ne, don haka zan tsaya kan abin da ya shafi tambayarka: zafin da tukunyar ke fitarwa yana ɗumama ruwan da aka matse ƙwarai don kada ya tafasa, wannan ruwa ya miƙa zafinsa ga wani ruwa na daban, shi kuma ya zama tururin da ke juya injin farfela. Wahalar ita ce a cusa duk wannan a cikin ƙwaryar jirgi, kusa da inda mutane ke kwana da cin abinci, ba tare da gubar nukiliya ta taɓa su ba. Ko ƙarfen zirkoniyam da ake buƙata don suturta makamashin, a lokacin ba a samar da shi da yawa, sai da Rickover ya sa aka kafa masana'antarsa.

Rundunar ba ta karɓi shawarar da hannu biyu ba. Da ya dawo Washinton an watsa 'yan tawagarsa, aka ba shi wani ofis da a da bayin mata ne. Amma ya samu goyon bayan Admiral Chester Nimitz, babban hafsan rundunar na lokacin, a 1947, kuma a 1949 ya yi abin da nake ɗauka shi ne mabuɗin dukan tarihinsa. Doka ta damƙa duk wani abu na nukiliya a hannun wata hukuma ta farar hula, Hukumar Makamashin Nukiliya, don haka rundunar ba za ta iya ƙera tukunya ita kaɗai ba, hukumar kuma ba ta ƙera jirgi. Rickover ya samu aka naɗa shi shugaban sashen da ke kula da aikin a ɓangarorin biyu a lokaci guda. Idan soja suka taka masa birki sai ya yi magana da sunan hukuma, idan hukuma ta ja ƙafa sai ya yi magana da sunan soja, har ana ba da labarin yakan rubuta wasiƙa daga wannan ofis nasa ya amsa ta daga wancan.

Sakamakon ya zo da sauri. Shugaba Harry Truman ya aza harsashin Nautilus, jirgin ƙarƙashin teku na farko mai aiki da nukiliya, a garin Groton ranar 14 ga Yuni, 1952. A hamadar jihar Idaho an gina irin tukunyar tasa a cikin wani yanki na ƙwaryar jirgi na gaske, kuma a 1953 aka bar ta tana aiki kimanin kwana huɗu a jere, daidai da tsallake Tekun Atlantika a nutse. Ranar 17 ga Janairu, 1955, Nautilus ya fara tafiya da ƙarfin nukiliya, a cikin shekarar ya yi fiye da mil 1,300 a ƙarƙashin ruwa zuwa Puerto Rico cikin ƙasa da awa 90, sannan ranar 3 ga Agusta, 1958, ya ratsa ƙarshen duniya na arewa ta ƙarƙashin ƙanƙara. Ma'aikatan Rickover ɗin ne kuma suka kula da ginin tashar lantarki ta nukiliya a Shippingport, jihar Pennsylvania, wadda ta fara aiki a 1957.

Rikicin 1953

Nan ne tambayarka ta fi ƙarfi, domin a ƙa'ida aikin Rickover ya kamata ya ƙare tun kafin Nautilus ya taɓa ruwa. Tsarin sojan Amurka shi ne ko ka hau ko ka fita. Kyaftin ɗin da kwamitin ƙarin girma ya tsallake shi sau biyu, idan ya cika shekara 30 da samun anini, dole ya tafi gida. An tsallake Rickover a 1951, aka sake tsallake shi a 1952, makonni kaɗan bayan shugaban ƙasa da kansa ya aza harsashin jirgin da yake ginawa. Ranar sallamarsa ta kama 30 ga Yuni, 1953.

Bai zauna jiran ƙaddara ba, mutanensa ma ba su zauna ba. Wani ɗan jarida na mujallar Time, Clay Blair, ya yi ta yayata batun. Sidney Yates, ɗan majalisar wakilai daga Shikago, ya kai maganar zauren majalisa, Sanata Henry Jackson kuma ya tsaya masa a Majalisar Dattawa. Makamin majalisar mai sauƙi ne: babu hafsan da ke zama Admiral sai dattawa sun amince, don haka kwamitin harkokin soja ya riƙe jerin sunayen duk waɗanda rundunar ta zaɓa a wannan zagaye. Da wuta ta yi wuta, Sakataren rundunar ya ba da umarni cewa kwamitin ƙarin girma na gaba ya zaɓi kyaftin injiniya guda wanda ya ƙware a injin nukiliya na jiragen ruwa. Ba a ambaci suna ba, amma mutum ɗaya ne ya dace da wannan siffa. Haka ya zama Riya Admiral a 1953.

Daga nan salon ya zauna. A 1958, da aka shirya bikin karrama Nautilus a Fadar White House, ba a gayyace shi ba. Abin ya tayar da ƙura, majalisa ta ba shi lambar zinare, kuma kafin shekarar ta ƙare ya samu tauraro na uku. A 1964, da ya cika shekara 64, aka sa sunansa a jerin 'yan ritaya, nan take kuma aka sake kiran sa bakin aiki, aka ci gaba da sabunta masa wa'adi duk bayan shekara biyu. A 1973 ya samu tauraro na huɗu. Duk lokacin da wa'adi ya kusa cika, 'yan majalisa ne ke tsayawa a kansa, shi kuma ya san yadda zai riƙe su: yakan bayyana a gaban kwamitocinsu cikin kwat, ba kaki ba, ya faɗa musu inda kuɗin jama'a ke zurarewa, ya caccaki 'yan kwangila da manyan ma'aikatar tsaro da bakin da babu wani hafsa da zai yi gigin amfani da shi.

Batun Yahudancinsa

Sau da yawa idan na kai nan wani ɗalibi kan ɗaga hannu ya ce ai ga shi nan, Sabath Bayahude, Yates Bayahude. Gaskiya ne, amma lissafin bai cika ba. Waɗanda suka ɗauki nauyin kare shi na tsawon shekaru, irin su Jackson, da Sanata John Pastore, da Sanata Clinton Anderson, da Chet Holifield na majalisar wakilai, ba Yahudawa ba ne. Abin da ya haɗa su shi ne kwamitin haɗin gwiwa na majalisa kan makamashin nukiliya, da kuma tseren makamai da Tarayyar Sobiyet. Shi kansa Rickover, bayan ya auri Ruth Masters a 1931, ya rubuta wa iyayensa cewa ya koma cocin Episkofal.

Ƙyamar Yahudawa kuwa tana nan a rundunar da ya shiga. A littafin tunawa na ajinsu na 1922, an buga shafin wani ɗalibi Bayahude, Leonard Kaplan, wanda ya zo na biyu a ajin, ba tare da lamba ba, kuma an huhhuda gefensa domin duk wanda ya so ya yage shi ya yar. Mutane kan jingina wannan labari ga Rickover, alhali Kaplan aka yi wa, sai dai a aji ɗaya suke, a idonsa aka yi. Ko wannan ƙyama ce ta sa aka tsallake shi a 1951 da 1952, babu mai iya yanke hukunci, saboda tattaunawar kwamitin ƙarin girma sirri ce bisa doka. Ra'ayina shi ne ta taka rawa, amma ba ita kaɗai ba. Mutumin yana raina al'adun rundunar a fili, yana tsallake na sama da shi ya kai ƙara majalisa, kuma bakinsa ba shi da linzami. Ko ɗan wane ne shi, da ya tara maƙiya. Abin da asalinsa ya ƙara shi ne tun yana ɗalibi ya fahimci ba za a taɓa ɗaukar sa ɗan gida ba, don haka bai ɓata lokaci wajen neman yardar 'yan gidan ba.

Abin da ya sa aka kasa taɓa shi

Goyon bayan 'yan siyasa ba ya ɗorewa shekara talatin idan babu abin nunawa. Abin nunawar Rickover shi ne a duk zamaninsa babu tukunyar jirgin Amurka ko ɗaya da ta yi hatsarin da ya watsa guba, alhali rundunar Sobiyet ta sha irin wannan masifa. An yi asarar jirage biyu masu nukiliya, Thresher a 1963 da mutum 129, da Scorpion a 1968 da mutum 99, amma ba fashewar tukunya ce ta ci su ba. Ya cim ma wannan ne ta hanyar sa ido da ya wuce misali. Kusan duk sabon jirgi yana cikinsa a ranar gwajin farko a teku, kwamandoji suna rubuto masa rahoto kai tsaye, kuma babu hafsan da ke shiga aikin nukiliya sai ya zauna a gabansa.

Wannan ganawa ta zama abin labari. An rage tsawon ƙafafun gaba na kujerar da ɗan takara ke zama, ta yadda zai yi ta zamewa yana ƙoƙarin amsa tambaya, wanda kuma ya yi kwana-kwana a amsa akan tura shi wani ɗan ɗakin ajiye tsintsiya ya zauna ya sake tunani. Jimmy Carter, tun yana ƙaramin hafsa, ya gaya masa cikin alfahari cewa ya zo na 59 cikin 820 a ajinsu. Rickover ya tambaye shi ko ya yi iyakar ƙoƙarinsa, Carter ya ce ba kullum ba, sai ya tambaye shi me ya hana, ya juya masa baya. Wasu na ganin hikima a wannan salo. Ni ina ganin akwai cin zarafi a ciki wanda bai ƙara wa kowace tukunya aminci ba, kuma ya kori mutanen kirki da dama. Amma ka lura da abin da ya haifar ta fuskar iko: bayan shekara ashirin, yawancin kwamandojin jiragen ƙarƙashin teku mutanen da shi ya tantance ne, ɗaya daga cikin waɗanda ya tantance ma, wato Carter, ya zama shugaban ƙasa a 1977.

Ƙarshen aikin bai yi kyau ba. Tsofaffin abokansa na majalisa sun ragu, ya shiga doguwar rigima da General Dynamics, kamfanin da ke ƙera wa rundunar jiragen ƙarƙashin teku, kan kuɗaɗen kwangila, sannan a 1981 aka samu tangarɗa a gwajin jirgin La Jolla, wanda yake ciki yana ba da umarni. Sabon Sakataren rundunar, John Lehman, ya samu amincewar Reagan aka ƙi sabunta masa wa'adi, kuma daga bakin matarsa ya fara jin labarin, ita ma a rediyo ta ji. A bayaninsa na ƙarshe a gaban majalisa, a Janairun 1982, ya ce ba ya alfahari da rawar da ya taka, yana ɗaukar jiragen a matsayin sharrin da ya zama dole, kuma da so samu ne da an nutsar da su duka. A 1985 rundunar ta rubuta masa takardar tsawatarwa saboda kyaututtukan da ya karɓa daga General Dynamics cikin shekara 16, waɗanda aka ƙiyasta a kan dala 67,000 da 'yan kai. Ya rasu ranar 8 ga Yuli, 1986, aka binne shi a maƙabartar sojoji ta Arlington.

Kashegarin ritayarsa, ranar 1 ga Fabrairu, 1982, Reagan ya sa hannu a kan wani umarni da ya tabbatar da tsarin da Rickover ya gina: shugaban aikin nukiliya na rundunar zai ci gaba da riƙe muƙami biyu, ɗaya a sojan ruwa, ɗaya a Ma'aikatar Makamashi, wadda ta gaji wannan aiki na Hukumar Makamashin Nukiliya, kuma idan hafsa ne zai kasance mai tauraro huɗu. Admiral Kinnaird McKee ne ya gaje shi. Umarnin ya ƙara sharaɗi guda wanda babu shi a da, wato wa'adin mai riƙe da kujerar shekara takwas ne.